Waken da Ya Sha Hantsi

Daga Inna zuwa ga Auta

Auta,

Sallama da gaisuwa mai tarin yawa gare ki da maigidanki da yara. Ni dai alhamdu lillahi, sai gwiwar nan ta hagu da ta naɗa kanta sarauta, sai abin da ta ce nake yi. Maganin da kika aiko ina sha, yana aiki, amma ɗacinsa sak halinki in an tashe ki daga barci.

Takardarki ta iso ta hannun direba. Kin ce tun da aikin asibiti ya kwashe ku zuwa can, Takwarata ba ta buɗe baki a aji ba. In Malama ta yi mata tambaya sai ta sunkuyar da kai. In an fita cin abinci sai ta rakuɓe gindin katanga ita da biredinta. Da safe ciki na ciwo, da yamma roƙo take a maido ta wurina ta bar makarantar. Ikon Allah! Yarinyar da a gidan nan sai an lallashe ta ta yi shiru kafin mu ji sallamar baƙo?

Kada ki yi mata faɗa, kuma kada ki maido ta. Allah ya sani ɗakin nan ya yi mini faɗi tun da kuka tafi, amma ba zan sayi abokiyar hira da karatun yarinya ba. Waya kuma ki rabu da ita. Kunnena ba ya kama magana a cikinta, yarinyar kuma "lafiya lau" kawai take cewa ta miƙa miki.

Ga wata takarda a ciki, ki ba ta. Na san sai kin karanta, don tun kina rarrafe ba a ajiye abu a rufe ki ƙyale shi. To ki karanta, amma ki kama bakinki.

Innarki.

Daga Kaka zuwa ga Takwara

Takwara, ɓarauniyar suna,

Ina gaishe ki. Kina lafiya? Kina cin abinci ko har yanzu tsakura kike kamar tsuntsu? Ni lafiyata ƙalau, na ma ƙara kyau tun da kika daina cinye mini rabo.

Wata magana ce tsakanina da ke. Kin san ni a aji uku na tsaya. Shekarar da zan shiga huɗu Innata ta haifi tagwaye, sai baya ya samu goyo, littafi ya shige ƙarƙashin gado. Ban taɓa damuwa ba sai yanzu da na ji wai kin shiga aji huɗu. Wato kin ɗauke mini suna, kuma za ki wuce ni a karatu ina zaune ina kallo? Ba da ni ba.

Don haka bana ni ma 'yar aji huɗu ce. Bencina tabarmar ƙofar ɗaki, malamata kuwa ke ce. Duk abin da aka koya muku ki rubuto mini, har da aikin gida. Ki buɗe kunne sosai a aji, don ba na son malama mai kawo mini rabin darasi. In kin ƙi, 'yar kujerar nan taki zan ba jikar maƙwabta, dama ta daɗe tana zagaya ta.

Ɗalibarki mai furfura.

Daga Takwara zuwa ga Kaka

Kaka,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ya gwiwa? Mama da Baba suna gaishe ki. Ƙanena ya fara tafiya, duk abin da ya gani sai ya jawo.

Kaka, ni ban saci suna ba, ba ni aka yi. Kuma kada ki ba kowa kujerata.

Makarantar nan ba daɗi. Duk sun san juna, ni kaɗai ce ban san kowa ba. Tunda kina son karatu ki zo ki tafi da ni mana, in koya miki a gida.

Ga darasinki. A lissafi muna raba abu kashi-kashi. In an raba biredi gida uku daidai, kowane yanki sulusi ne, wato ɗaya bisa uku. In an raba gida huɗu, kowane yanki rubu'i ne. Wanne ya fi girma?

Muna kuma zanen taswira. Arewa tana sama, kudu tana ƙasa. Ki zana ɗakinki kamar ke tsuntsuwa ce kina kallo daga sama.

A Turanci muna rubuta labarin abin da muka yi jiya. Wannan ba zan ba ki ba, ya fi ƙarfinki.

A kimiyya an ce rana tana shanye ruwan kogi da na teku da na shanya, ya hau sama ya zama girgije, sannan ya dawo ruwan sama. Akwai kuma gwaji. Ki samu gwangwani biyu ki zuba ƙasa iri ɗaya, ki shuka wake a kowanne. Ɗaya ki ajiye a taga, ɗaya a cikin kabad ki rufe. Ruwa daidai wa daida. Kada ki fito da na kabad. Ki rubuto mini abin da kika gani.

Ni ce malamarki.

Daga Kaka zuwa ga Takwara

Allah ya ja zamanin Malama ƙarama,

Gaisuwa da ban girma. Gwiwa da sauƙi, ta ji an ce makaranta zan shiga sai ta shiga taitayinta.

Lissafin nan ai ba abin tambaya ba ne. Rubu'i ya fi girma. Huɗu ta fi uku, ko ƙanenki mai jawo kaya ya san haka. Ki ba ni makina cikakke.

Taswira kuwa ta kusa jawo mini magana. Na hau kan kujera don in zama tsuntsuwa kamar yadda kika ce, sai maƙwabciyata mai ɗinki ta leƙo, ta dafe ƙirji ta ce, "Ke kuma me kike nema a sama da tsufanki?" Na ce arewa. Ta ce, "Sauko, kafin a je a same ki da ita a gadon asibiti." Ga zanen nan dai. Dogon abin gado ne, mai kusurwa huɗu kabad ne, ƙwallon da ke bakin ƙofa kuma ni ce.

Maganar rana da ruwa ta zauna mini, don na daɗe ina zargin akwai mai shanye mini ruwan shanya. Amma ina da tambaya. An ce ruwan teku gishiri ne. In rana ta sha shi ta maido mana, don me ruwan sama bai da gishiri? Ruwan wankina kuma da sabulu yake tafiya, to yaushe kika taɓa ganin an yi ruwa da kumfa? Ki tambayo mini Malama babba. Ni ɗaliba ce, ina da haƙƙi.

Wake na shuka a gwangwanayen madara, har na raɗa musu suna. Na taga Ɗan Gata, na kabad Fursuna. Duk sun fito. Kore shar, gajeru, kakkaura, kamar tagwayen Innata.

Batun in zo in ɗauke ki, ina aka taɓa ganin ɗaliba ta cire malama daga makaranta?

Ɗalibarki.

Daga Takwara zuwa ga Kaka

Kaka,

Ina gaishe ki. Muna lafiya, sai mura da na yi ta warke.

Kin faɗi lissafi warwas. Ki sake dubawa.

Tambayarki ta gishiri ban yi ta da baki ba. Na rubuta a 'yar takarda na ajiye a teburin Malama. Ta karanta wa aji, ta ce tambaya ce mai kyau, wa ya rubuta? Ban ɗaga hannu ba. Sai ta zuba ruwan gishiri a faranti ta ajiye a rana. Da ruwan ya tafi, gishirin yana nan fari a farantin. Ruwa kaɗai ke hawa sama, Kaka. Sabulunki ma a jikin zane yake tsayawa, ki dinga ɗauraya sosai.

Waken kabad ɗina fari ne, dogo siriri kamar zare, har ya kwanta. Kin tabbata naki kore ne?

Malamarki.

Daga Kaka zuwa ga Takwara

Malama,

Gaisuwa. Sannu da mura, ki daina wasa da ruwa.

Kore ne shar, har ya fi Ɗan Gata ƙyalli. Ni za ki tambaya ko na tabbata? Tatsuniya daban, ƙarya daban. Ta farkon sana'ata ce, ta biyun ban iya ba.

Lissafi kuma ina nan kan bakana. Huɗu ta fi uku.

Ɗalibarki.

Daga Kaka zuwa ga Takwara

Takwara,

Ina gaishe ki, in har kina amsa gaisuwar tsofaffi. Lafiya dai ko? Direba ya zo ya koma, ya sake zuwa, duk hannu rabbana. Har na ce ya zazzage aljihunsa a gabana. Ya ce, "Baba, ni fa fasinja nake ɗauka, ba ni nake rubuta wasiƙa ba."

In don lissafi ne kika kore ni daga makaranta, ai ana ba ɗalibi gargaɗi tukuna. In kuma murar ce ta dawo, ki sa uwarki ta rubuto. Mai ɗinki ta ce wataƙila ƙawaye kika yi kika manta da ni. Na ce in haka ne na yafe, amma zuciyata ba ta ba ni haka ba.

Ina zaune a tabarma, ba darasi, ba malama.

Kakarki.

Daga Auta zuwa ga Inna

Inna,

Ina gaishe ki da fatan gwiwa ta yi sauƙi. Mu duk lafiya, ba ciwo ne ya hana ta rubutu ba. Fushi ne da kunya.

Ga abin da ya faru, Malamarsu ce ta ba ni labari. Ranar da kowa ya kai gwangwaninsa aji, Malama ta ce duk shukar da aka hana haske fari take yi ta rame. Sai Takwararki ta miƙe tsaye, ko hannu ba ta ɗaga ba, ta ce, "Malama, ba duka ba. Na Kakata a kabad yake, kuma kore ne." Karo na farko ke nan da ajin ya ji muryarta. Malama ta tambaye ta a hankali ko an tabbata ba a fito da shi ba. Ta ce, "Kakata ba ta ƙarya." Sai monitar ajin, wata mai baki kamar reza, ta ce, "To ai kakarki rana ta ajiye a cikin kabad." Aji ya kwashe da dariya.

Ta dawo gida ido ya kumbura. Ta koma shirunta, har ya fi na da, ciwon cikin safe ma ya dawo. Na ce ta rubuta miki, ta ce ba ta da abin cewa.

Inna, don girman Allah, me kika yi wa waken nan? Na san ki fa.

Autarki.

Daga Kaka zuwa ga Takwara

Takwarata,

Ina gaishe ki gaisuwar mai laifi, wadda ake yi a durƙushe, sai dai gwiwa ta hana. Uwarki ta gaya mini komai.

Bari ki ji yadda aka yi. Ranar da Fursuna ya fito da ɗan kansa, na ba shi ruwa na rufe kabad, na dawo na zauna zan sha shayi. Shayi ya ƙi wucewa. Ina kallon Ɗan Gata yana baje ganye a taga, ɗan'uwansa kuma yana can tsakanin tsofaffin kwanoni, bai ci wa kowa komai ba. Ni da na goyi tagwaye, na goyi uwarki da yayyenta, na goye ki, ban taɓa rufe mai rai a duhu na tafi harkata ba.

To kullum da safe in zan yi shara sai in fito da shi bakin ƙofa ya sha hantsi. In na gama shara da wanke-wanke, na gaisa da mai ɗinki, sai in maida shi. Kin dai san gaisuwata da mai ɗinki, sai mun tambayi lafiyar kowa har da kajin da aka yanka bara. A raina ban karya doka ba. Ko fursunan gaske ai ana fito da shi ya miƙe ƙafa. Shi ya sa ban ma ga abin rubutawa a ciki ba. Kin rubuta mini "kada ki fito da shi" ɓaro-ɓaro, na karanta, na ce wannan don yara ne.

Ke ba ki yi ƙarya ba. Malama ma gaskiyarta. Ni ce na ɓata gwaji, kuma ke kika sha kunyar. Ki yi haƙuri, Takwara.

Ga Fursuna nan na aiko miki da shi. Na sa direba ya zaunar da shi a gidan gaba, ya ce bai taɓa ɗaukar fasinjan da bai yi ƙorafin hanya ba sai shi. Ki kai shi aji ki gaya musu abin da tsohuwa ta yi. In sun yi dariya, ni suke yi wa, ni kuwa tun kafin a haifi iyayensu ake yi mini dariya, ban rame ba. In kuma kin ga ba za ki iya ba, ki ajiye shi a tagarku, ba zan ce komai ba.

Amma abu ɗaya. An ce kin miƙe tsaye gaban aji guda saboda ni. Wurin nan na takardar uwarki na yi ta karanta wa mai ɗinki har ta ce in na sake za ta ɗinke mini baki.

Ɗalibarki, in har ba a kore ni ba.

Daga Takwara zuwa ga Kaka

Kaka!

Ina gaishe ki, ya gwiwa, kowa lafiya. Ba a kore ki ba.

Fursuna ya iso, ganye ɗaya ne kawai ya karye. Ya kwana biyu a tagarmu ina kallonsa yana kallona. Sai na sa shi a leda na tafi da shi. Da Malama ta shigo na ɗaga hannu. Na miƙe da gwangwanin a hannu. Na ce, "Malama, ga waken Kakata. Ba rana ce a kabad ba, tausayi ne ya kama ta." Na faɗi komai, har da shayin da ya ƙi wucewa. Suka yi ta dariya, Malama har ta cire tabarau tana share ido. Amma ba irin dariyar ranar nan ba ce. Ni ma na yi.

Malama ta jera gwangwani uku a tebur, na taga da na kabad da naki. Ta ce yanzu mun ga hasken ɗan lokaci ma yana sa ganye ya yi kore, kuma ba don ke ba da ba mu gani ba. Amma ta ce in gaya miki, mai gwaji dole ya faɗi duk abin da ya yi, ko da yana ganin ba komai ba ne. Ta ce kin ci kimiyya da ƙyar.

Monita ta tambaya kashi nawa na yini Fursuna yake yi a waje. Na ce in an haɗa da gaisuwar mai ɗinki zai kai rubu'i. A Turanci na rubuta labarinsa, an manna a bango. Kuskurena uku ne kawai.

Kaka, ashe Monita ba muguwa ba ce, baki ne kawai da ita kamar ke. Yanzu tare muke cin abinci. Ita kakarta ta rasu, ta ce ko za ki yarda ita ma ta dinga ba ki aikin gida? 'Yan aji kuma sun ce ki aiko da wata tambayar.

Saura maganar hutu. Malama ta ba ni da Monita amanar waken aji, mu dinga ba su ruwa, don haka ba zan yi hutun duka a wurinki ba. Mama ta ce in zaɓa, sulusin hutu ko rubu'i. Tunda kin ce huɗu ta fi uku, na zaɓar miki rubu'i don ki ji daɗi.

Zan tsaya nan, Monita tana jirana a ƙofa.

Malamarki.

Daga Kaka zuwa ga Takwara

Ja'irar Malama,

Gaisuwa. Gwiwa lafiya, zuciya ce kika so ki tsinka mini.

Wato ramin da na haƙa kika tura ni ciki? To na tuba. Na sayo biredi biyu, na kira mai ɗinki ta zama shaida. Na yanka ɗaya gida uku, ɗaya gida huɗu, na ce ta zaɓi yanki. Ko kunya babu ta cafke na gida uku. Sulusi ya fi rubu'i, na faɗa, na sake faɗa, ki rubuta a allo kowa ya gani. Masu rabo in sun yi yawa, rabo ƙanƙancewa yake. Wanda ya tashi a gidan tagwaye ai ba sai an gaya masa ba.

Kuma tunda ilimi ya fara shiga, na ji ana maganar wani wai shi rabi, an ce duk ya fi su. Shi nake so.

Ki gaya wa Monita na karɓe ta, amma ta sani malamai biyu kan ɗaliba ɗaya sai an haɗa da haƙuri. Ki ce wa Malama babba na gode da "da ƙyar" ɗin, a shekaruna ko matakala da ƙyar ake hawa. Tambayar 'yan aji kuma ga ta: don me in mutum yana tafiya da dare farin wata yake bin sa, in ya tsaya shi ma ya tsaya? Ni dai tun ina aji uku yake bi na, ban san me na ci masa ba. Wannan karon da baki za ki yi ta, ban yarda da 'yar takarda ba.

Ɗan Gata ya fara fure. Kujerarki tana nan, na kori jikar maƙwabta.

Ɗalibarki ta aji huɗu.

Auta, na san kina karantawa. Kin lura takardar nan tata daga sama har ƙasa babu inda ta ce a maido ta? Ki aiko mini ita rabin hutu. Ɗaya rabin na bar wa Monita da wake.